Ɗaurin zaren raket ɗin badminton: laba nawa ya dace da hannunka?

Ɗauko raket ɗinka ka buga zaren a tafin hannu. Ka ji ƙarar? In siririya ce mai kaifi, ɗaurin ya yi tsauri. In ta yi kauri kamar ganga, ya saki. Da laba ake auna wannan ɗauri, kuma a nan ne masu wasa da yawa ke cutar da hannunsu.

Sai ka ga yaro bai fi wata uku da fara wasa ba, ya je wurin mai ɗaura zare ya ce a ja masa laba 30, don ya ji da haka zakarun duniya ke bugawa. Ɗan'uwa, su sun yi shekaru suna horar da wuyan hannu. Tsaurin zare ba ya ƙara maka ƙarfin duka. Rage wurin nan na tsakiya yake yi, inda ƙwallo ke tashi da daɗi. Ka kuskure shi kaɗan, ƙwallon ba zai kai ƙarshen fili ba, girgizar kuma ta bi hannunka ta sauka a gwiwar hannu da kafaɗa. Zare mai ɗan sassauci kuwa lotsawa yake yi ya harbo ƙwallo kamar danƙo. Don haka in sabon hannu ne kai, tsaya tsakanin laba 20 da 22. Hannu ya nuna, ka riƙa ƙara ɗaya-ɗaya zuwa 24 ko 26. In da ƙwallon roba kake wasa, rage laba ɗaya ko biyu. Duba jikin raket ɗin ma, akwai iyakar da aka rubuta, kar a wuce ta.

Kaurin zare kuma fa? Zaren BG65 na kamfanin Yonex milimita 0.70 ne, yana da juriya. BG66 Ultimax 0.65 ne, ya fi harbi amma ya fi saurin tsinkewa.

Bayan zare, sai nauyin kan raket ɗin. Ɗora sandar raket a kan yatsa ɗaya har ta tsaya daidai, ka auna da rula daga gindin mariƙi zuwa yatsan. Ya haura milimita 295? Kansa ya fi nauyi, na mai duka daga bayan fili ne. Ƙasa da 285, kai mara nauyi ne, na mai sauri a gaban raga, musamman a wasan bibbiyu. Kana son ƙarin nauyi a kai, manna ɗan tef ɗin dalma a can sama, giram ɗaya ko biyu. Buga da shi mako guda kafin ka ƙara.

Kar ka bar raket a mota cikin rana, zafi na sassauta zare. Ranar da zare ɗaya ya tsinke kuma, sa almakashi ka yanke sauran nan take, daga tsakiya zuwa gefe, kar jan da ya rage ya karkatar da kan raket ɗin.