Tattakin Najaf zuwa Karbala: Kada Ka Sayi Takalmi Ana Gobe Tafiya

Assalamu alaikum jama'a. Tun da Safar ya kama, saƙonnin da ke shigo mana kusan iri ɗaya ne: hoton jaka a buɗe a kan gado, kaya a jere, a gefe ga takalmi sabo fil a cikin kwalinsa, sai tambaya, "Malam, na shirya?" Jakar za mu gama da ita yanzun nan. Takalmin ne za mu zauna a kansa.

Ga hanyar. Daga hubbaren Imam Ali a Najaf zuwa na Imam Husaini a Karbala, a ƙasar Iraƙi, kusan kilomita 80, ana so a isa kafin 20 ga Safar, ranar Arba'in, wato cikar kwana arba'in bayan ranar shahadar Imam Husaini. Turakun fitilar da ke kan hanyar lamba gare su, daga 1 har 1452, mita 50 tsakanin kowane biyu. Turke 20, kilomita ɗaya ke nan. Yawancin mutane kwana biyu zuwa uku suke yi.

Rumfunan da suka jeru a bakin hanya kuwa, su ake ce wa maukibi. Shinkafa, shayi, dabino, ruwan sanyi, wurin kwanciya, wurin cajin waya, duk kyauta, har riƙe maka hannu ake yi ana roƙonka ka ci. Don haka Hajiya, garin kwaki da tulin dambun naman nan a bar wa yara a gida. Kaya kala biyu marasa nauyi, hula ko laima, gorar ruwa, caja, ruwan gishiri da sukari na leda, da maganin da likita ya ɗora ka a kai. Fasfo da kuɗi a ƙaramar jaka a jikinka, ko barci za ka yi. A ɗora jakar goyon a sikeli: kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyinka. Mai kilo 70, jakarsa kilo 7.

To, mu dawo ƙasa.

Mutum ya yi niyyar ziyara mai girma, yana so ya je da abu mai kyau, sai ya shiga kasuwa ana gobe tafiya. Niyyar ta yi kyau, ƙafa ce ba ta san wannan ba. Sabon takalmi bai lanƙwasa ba tukuna, bai san inda ƙashin ƙafarka ya fito ba. Kowane taku yana gugar wuri ɗaya, kuma tafiyar nan taku ne sama da dubu ɗari. Ga zafi, ga gumi. Fatar sama ta dinga zamewa a kan ta ƙasa har su rabu, ruwa ya taru a tsakani. Bororo ke nan.

Na ga wani dattijo zaune a gindin turke, bai kai na 300 ba, takalminsa a cinya har da takardar kuɗi a manne a ƙasansa, duddugensa biyu sun fashe. Hawaye yake yi, ya ce mini shekara nawa yana tara kuɗin zuwan nan, yau ga shi mota za a sa shi. Har yanzu idan na tuna sai na ji abin a raina.

Abin da za ka yi, ka sayi takalmin da saura wata guda ko fiye. Ka je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi tafiyar da ita. Faɗin babban yatsan hannu ya shiga tsakanin yatsan ƙafa da bakin takalmi. Ƙafa tana ƙara girma a hanya, wanda ya yi maka cif a shago zai matse ka a rana ta biyu. Sannan ka taka shi. Masallaci, kasuwa, wurin aiki. Ka fara da kilomita uku, ka kai biyar, ka kai goma, da jakar a bayanka. Duk inda zai cije ka, gara ya cije ka a unguwarku.

Ni a ganina, tsohon kambas ɗinka da ya saba da ƙafarka ya fi sabo mai tsada, muddin ƙasansa bai cinye ba. Silifas kuma a riƙe su don alwala da hutu.

Safa ma haka. Ta auduga tana shan gumi ta riƙe shi. Ka nemi irin ta 'yan wasa mai saurin bushewa, guda uku, kana sauyawa. A yanke farce tun a gida.

A hanya kuma, da ka ji wani wuri ya fara ɗumi kamar an ɗora masa garwashi, tsaya nan take. Kada ka ce sai an kai turke na gaba. Cire takalmi, share ƙafa ta bushe, manna filasta, ka shafe gefunanta su kwanta. Idan bororon ya riga ya tashi, kada ka ɓare fatar, akwai rumfunan ma'aikatan lafiya a hanya. Mai ciwon sukari ya ga likita kafin ya tashi, ya kuma riƙa duba tafin ƙafarsa da ido a kowane zango, don ciwo kan shige shi bai ji ba.

Shekarun nan Arba'in yana faɗowa cikin tsananin zafin Iraƙi, shi ya sa za ku ga titi ya cika daga la'asar zuwa dare, da kuma bayan asuba. Tsakar rana a kwanta a inuwa, a ɗaga ƙafa sama.

Kafin ku tashi daga kowane zango, ku tsayar da lambar turken da za ku haɗu, kowa ya rubuta a takarda ya sa a aljihu, don waya takan ƙi shiga a cikin cunkoson nan.