Mutanen da Ke Bayan Rumfar Mai Tufafi a Wajen Biki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, malamaina, 'yan'uwa maza da mata, barkanku da zuwa. An nemi in yi magana a kan ƙananan 'yan kasuwar da ke yawo da tufafi daga wannan biki zuwa wancan, ni kuwa inda nake so in fi tsayawa shi ne kan mutanen da ba a ganinsu a filin biki, alhali da guminsu aka cika rumfar.

Fataucin tufafi tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar ana kai saƙi da rinin birnin har Timbuktu da Tarabulus. Fataken wancan zamani da jakuna da raƙuma suke tafiya a ƙarƙashin madugu, su sauka a gidan fatoma. Na yau kuwa gurbi yake kamawa a bayan mota, ya ɗora dilolinsa, kuma bukukuwa ne suke tsara masa shekararsa. Da rani yana iya nufar Argungu wajen bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934. Cikin watan Rabi'ul Awwal akwai Sallar Gani a Daura, ga hawan Sallah a Kano da Katsina da Zariya, sannan idan damina ta ja baya a watan Satumba, mai ƙarfin hali yakan tsallaka Nijar har Ingal, inda Buzaye da Fulani Wodabe suke taruwa da dabbobinsu. Kowane taro da irin hajarsa, domin rawanin turkuɗi da Buzu zai saya ba tare da dogon tayi ba, kwantai zai yi a Argungu, inda baƙi suka fi neman riga mai sauƙin kuɗi da hular da za su kai tsaraba.

To, bari mu koma gida mu ga yadda babbar riga guda take isa rumfa. Mai kayan yakan yanko shadda a Kantin Kwari, sau da yawa bashi, bisa amanar da ke tsakaninsa da babban ɗan kasuwa. Tela ya yanka ya haɗa, sai ta wuce hannun mai aikin wuya, wanda zai zauna a zaure da allura da zare yana fitar da adon da ake kira aska takwas ko aska biyu, aikin da kan ci makonni idan na hannu ne. Daga nan sai wajen mabuga. Wanda ya taɓa bi ta kusa da marinar Ƙofar Mata ya san wannan ƙarar: mutum biyu zaune suna fuskantar juna, an shimfiɗa rigar a kan gungumen itace an yayyafa mata ruwa, suna sauke tabarya bi da bi har shaddar ta kwanta ta ɗauki sheƙi. Idan turkuɗi ne, to marinan Kura ne suka tsoma shi a baba, aka kuma buge shi har yana walƙiya.

Hula kuwa galibi aikin mata ne a cikin gida. Matar aure za ta karɓi zane da zare ta hannun yaro ko dillaliya, ta riƙa ɗinkawa tsakanin girki da reno, kuma da ladan ɗinkin take zubin adashi ko tanadin kayan ɗakin 'yarta. Ba ta taɓa taka Argungu ba, ba ta san fuskar wanda zai sa hular ba, amma cinikin da aka yi a bakin kogin Matan Fada, inda ake kamun kifin, shi zai yanke ko za ta yi zubin wannan watan.

A filin bikin ma ba mutum ɗaya ba ne. Akwai yaron da ke kwana a kan diloli don gudun ɓarayi, akwai mai masaukin da ya kama musu wuri tun kafin su iso, akwai ɗan kamashon da ke janyo masu saye ya karɓi la'adarsa, kuma idan an tsallaka iyaka dole a nemi mai canjin naira da sefa da wanda zai yi tafinta. Mai kayan shi ne ke ta faɗin "albarka" har tayi ya kai inda zai sallama, yana yi yana lissafin kuɗin mota da na rumfa a zuci.

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda asara take rabuwa. Bikin Argungu ya tsaya na kusan shekara goma kafin a dawo da shi a 2020. An rufe iyakokin Najeriya na ƙasa a watan Agustan 2019, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, shekarar da aka yi fama da ƙarancin takardun naira aka kuma cire tallafin man fetur. Duk lokacin da irin wannan ya faru, ko hanya ta ƙi biyuwa saboda rashin tsaro, kayan da aka ɗinka don biki sai su dawo a ɗaure. Mai kayan zai fara biyan ɗan kasuwar Kwari, saboda idan ya ɓata da shi babu yadi a tafiya ta gaba. Direba tun a tasha ya karɓi nasa. Tela yana da bakin magana, domin yana iya riƙe ɗinki na gaba. Wadda ake ce wa ta ƙara haƙuri ita ce mai hula, ita da ladanta ya fi na kowa ƙanƙanta, kuma babu takarda tsakaninta da kowa.

Ban ce mugunta ce ke sa haka ba, tunda shi ma mai kayan jarinsa bai taka kara ya karya ba. Sai dai ina ganin ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su iya sa ƙa'idar biyan rabin ladan aikin hannu tun ranar da aka karɓi kaya, masu shirya bukukuwa kuma su riƙa bayyana rana da wuri, su tsaya a kanta, domin ɗinki ba ya yiwuwa a mako guda. A nan zan dakata, shugaba, sai a buɗe fagen tambayoyi.