Ba a haifi kowa da wuƙa a hannu ba

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Ran nan a bakin wata kasuwa na tarar an yi wa wani yaro zobe, an kama shi da wayar wata mata. Bai fi shekara 16 ba, silifas ɗinsa ɗaya ya cire, leɓensa ya fashe. Ana cikin jiran 'yan sanda sai wani dattijo ya ce, "Ku daina wahalar da kanku, a jininsa abin yake. Ubansa ma a haka ya ƙare. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Wani ya ƙara da cewa ƙaddararsa ce. Kowa ya gyaɗa kai. To wannan gyaɗa kan shi ya tsaya mini a rai, har ya fi satar wayar ɓata mini rai.

Baba, da girmanka, wannan maganar ba sabuwa ba ce, kuma an gwada ta an ga ƙarshenta. A 1876 wani likita ɗan Italiya, Cesare Lombroso, ya fito da cewa akwai mutanen da aka haifa masu laifi, kuma ana gane su da ido: babbar muƙamuƙi, kunnuwa fato-fato, dogayen hannuwa. Ya ce haske ya zo masa ne sa'ad da yake duba ƙoƙon kan wani da ake zargi da fashi daga kudancin Italiya. Ƙoƙon kai guda! Duniya ta tafa masa. Sai a 1913 wani likitan gidan yari a Ingila, Charles Goring, ya auna fursunoni wajen 3,000, ya kwatanta su da sojoji da ɗaliban jami'a. Bai sami wata siffa da za a ce ta mai laifi ce ba. Kunnen ɓarawo da na alƙali duk kunne ne.

Amma kafin a ƙaryata irin wannan tunani, ya riga ya yi ɓarna. Tun 1871 Turawan mulkin mallaka suka kafa doka a Indiya da ta ayyana ƙabilu sukutum a matsayin masu laifi tun daga haihuwa. A rubuta sunanka a rajista, a hana ka fita daga yankinka sai da izini, ka riƙa kai kanka wurin 'yan sanda ana duba ka, alhali ko allura ba ka taɓa ɗauka ba. Miliyoyin mutane suka rayu a haka, sai a 1952 aka soke dokar. Duk mai cewa yau 'yan ƙabila kaza ai fashin daji a jininsu yake, ya sani cewa bakin wancan Baturen ya ara, ko da kuwa da Hausa yake faɗa.

Na san za a ce, ai yanzu kimiyya ta ci gaba, an gano ƙwayar halittar da ke sa tashin hankali. Har wata kotun ɗaukaka ƙara a birnin Trieste na Italiya ta rage wa wani mai kisan kai shekara guda a 2009 saboda ita. To a saurara. Nau'in ƙwayar da ake magana, kusan ɗaya cikin kowane maza uku na Turawa yana ɗauke da shi. Ina gidan yarin da zai ɗauke su? Kuma binciken da aka fi kafa hujja da shi, wanda ya bi yara kusan 1,000 a garin Dunedin na New Zealand tun daga haihuwarsu, abin da ya nuna a 2002 shi ne ƙwayar ba ta yin wani tasiri sai ga yaran da aka gallaza musu suna ƙanana. Wato dai an dawo kan duka da wulaƙanci da rashin kulawa. An dawo kanmu.

Akwai inda nake sassautawa. Charles Whitman, wanda ya hau hasumiyar jami'ar Texas a 1966 ya harbe mutane, ya bar wasiƙa yana roƙon a duba gawarsa, kuma an tarar da ƙari a ƙwaƙwalwarsa. Likitoci ba su daidaita a kan ko ƙarin ne ya tura shi ba. Mai ciwo irin wannan sha'aninsa na asibiti ne, kuma shari'a ma ta ɗauke wa mahaukaci alƙalami. Sai dai mutum nawa ne haka? Yaron bakin kasuwa ba ƙari gare shi ba. Makaranta ce babu, sana'a babu, ga mai sayar da ƙwaya a bakin layinsu, ga mai sayen wayar sata da shago buɗe, kowa ya san shi.

Masu fakewa da ƙaddara kuwa, su suka fi ba ni haushi, don sun san abin da malamai suka ce game da Jabariyya, masu cewa mutum ba shi da zaɓi a cikin abin da yake aikatawa. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi, ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Shi ne kuma ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa. Ya duba dalili, ya yi aiki da shi, bai naɗe hannu ya ce haka aka rubuto ba. Dalili daban, tilas daban. Yunwa tana tura mutum, mugun aboki yana jan sa, amma a unguwa guda, a gida guda, wa yakan zama ɗan daba ƙane ya zama tela.

Me ya sa to muke son maganar jini haka? Don tana da arha. In a jini ne, ba ruwan mai unguwa, ba ruwan kansila, ba ruwan uban da ya haifi goma bai san inda biyar suke kwana ba. Ba sai an gyara aji ba, ba sai an kama dillalin ƙwaya ba. A jininsa ne, shi ke nan, kowa ya kama gabansa. Shi kuma yaron da ya tashi yana jin ana ce masa ɗan ɓarawo tun yana rarrafe, wa zai ɗauke shi koyon aiki? Wa zai ba shi 'yarsa?

Da motar 'yan sanda ta zo, an jefa shi baya, silifas ɗin nan guda ya rage a ƙasa. Shagon mai sayen wayoyin kuwa, da na wuce da la'asar, a buɗe yake.