Daga Kano Zuwa Jidda: Nisan Hanya Da Lokacin Tafiya

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye da 'yan'uwa, na gode da kuka ba ni wannan lokaci.

Duk shekara idan aka fara jigilar alhazai, sai ka ji ana tambaya: awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda? Wani ya ce huɗu, wani ya ce bakwai, kuma kowa ya rantse da idonsa ya gani. To, bari mu bi lissafin a hankali.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda, idan aka miƙe sak, kimanin kilomita 3,400 ne. Manyan jiragen fasinja kuwa, idan suka daidaita a sama, suna cin kilomita 850 zuwa 900 a awa guda. Ka raba, za ka samu wajen awa huɗu. Amma jirgi ba ya tashi da wannan gudun. Sai ya gangara bakin titinsa, ya jira izini, ya hau sama sannu a hankali, can kuma ya rage gudu kafin ya sauka. Shi ya sa tafiyar takan kai awa huɗu da rabi zuwa biyar.

Mai cewa bakwai fa? Sau da yawa agogo ne ya ruɗe shi. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu. Ka tashi Kano ƙarfe goma na safe, ka yi awa biyar a sama, za ka tarar uku na rana a agogon hannunka, amma a Jidda biyar na yamma ce. Don Allah a kula da wannan, musamman saboda sallah: mai tafiya gabas, rana takan faɗi masa da wuri.

Sai iska. A can sama akwai iska mai ƙarfi, idan tana bayan jirgi ta tura shi, idan tana gabansa ta riƙe shi. Tsakanin New York da Landan, zuwa yakan ɗauki wajen awa bakwai, komowa kusan takwas, alhali nisan bai canza ba.

Abin da ya fi damuna shi ne na ƙarshe. Miƙaƙƙiyar hanyar Kano zuwa Jidda ta saman Chadi take bi, ta ratsa Sudan, ta tsallake Bahar Maliya. Wannan dai ita ce hanyar da kakanninmu suka bi a ƙasa, wasu watanni, wasu shekaru, har da yawansu suka zauna a Sudan ba su dawo ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazan wannan shekarar suka yi zagaye. Tafiya ta ƙaru da wajen awa biyu, man jirgi ya ƙaru, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi. Ku tuna galibin masu wannan tafiya dattawa ne, wasu da ciwon ƙafa, wasu da ciwon suga, kuma ba su taɓa hawa jirgi ba. Awa biyu a kujera ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu.

Saboda haka, masu bitar alhazai, ku tambayi kamfanin jirgi ta wace hanya zai bi, ku faɗa wa mutane awannin da za su yi a zaune, su shirya maganinsu a jakar hannu.