Ɗan ƙwallon da aikinsa ke ƙarewa duk 30 ga Yuni

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Fotugal. Yau zancen ɗan ƙwallon nan za mu yi wanda zai shekara goma sha biyar yana taka leda, ya sa rigar kulob goma ko fiye, amma da ka fita daga gundumarsa ba wanda ya san sunansa. Irinsu ne suka fi yawa a ƙasar nan, kuma ni a wurina sun cancanci a san halin da suke ciki.

Gasar nan hawa-hawa ce. Primeira Liga da Liga 2 kowace tana da kulob 18, su ne na ƙwararru zalla. Ƙasa da su akwai Liga 3, wadda hukumar ƙwallon ƙasar, FPF, ta kafa a 2021, sai Campeonato de Portugal, sai gasannin gunduma. Mutumin namu a hawa ukun ƙasan nan yake kai-komo. Galibi makarantar horon matasa ta wani babban kulob ce ta raine shi, aka sallame shi yana ɗan shekara 19.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kakar wasa tana ƙarewa 30 ga Yuni, kwantiragin kuma yawanci na shekara ɗaya ne. Ƙananan kulob da yawa wata goma suke biya, daga Agusta zuwa Mayu. Ku yi lissafi: wanda aka yi wa alkawarin Yuro 1,000 a wata, in ya raba a kan wata goma sha biyu, abin da ke hannunsa bai wuce 833 ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar kuwa a 2025 Yuro 870 ne, kuma sau 14 ake biyansa a shekara. Shi ya sa ɗan wasa mai wayo kafin ya sa hannu yake tambaya: wata nawa za a biya, gida a kan wa yake, abincin rana fa? Sannan ya buga waya ga waɗanda suka buga wa kulob ɗin bara, ya ji ko an cika musu kuɗinsu.

Wata matsalar ita ce rajista. Da yawa a matsayin ɗan sa-kai, wato wanda ba ƙwararre ba, ake yi musu rajista, kuɗin da ake ba su sunansa kuɗin zirga-zirga, ba albashi ba, don haka ba abin da ake zuba musu a asusun fansho. Da rana yana masana'anta ko kanti, da magariba ya zo atisaye. Ku dubi irin filin da ake atisayen, ciyawar roba ce, ga baƙin ɓarɓashin taya nan da ke cika takalmi, ga tauri a gwiwa. Idan jijiyar gwiwa ta tsinke a Fabrairu, jinya wata shida zuwa tara ce ko fiye, kwantiragi zai ƙare mutum bai koma buga wasa ba.

In albashi ya maƙale, dokar FIFA ta ce mai kwantiragin ƙwararru da ke bin bashin wata biyu zai iya rubuta takardar gargaɗi ta kwana 15, in ba a biya ba ya tafi abinsa. Sai dai a kaka ɗaya kulob uku kawai za a iya yi masa rajista, biyu kuma zai buga wa wasa, saboda haka sauya sheƙa a Janairu sai an yi tunani. Kuma sunan kulob ba ya biyan kuɗin haya: kulob ɗin Desportivo das Aves ta ci kofin ƙasar a 2018 bayan ta doke Sporting, zuwa 2020 ta kasa biyan 'yan wasanta, ta faɗo daga Primeira Liga.

Dillalai suna son kawo misalin ɗan wasan gaba Beto, wanda ya yi aiki a gidan abinci na KFC yana buga wa ƙaramin kulob, daga baya ya kai Udinese da Everton. Gaskiya ne, amma ɗaya ne cikin dubu. Sauran, da bazara ta yi, wasu su shiga sansanin atisaye da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ke shirya wa marasa kulob, wasu su nufi Luxembourg inda 'yan Fotugal ke da yawa, su haɗa ƙwallo da aikin yini. Wanda ya haura talatin kuwa, za ka same shi da daddare a ajin kwas ɗin koci matakin farko, yana neman a ba shi yara 'yan ƙasa da 13 ya fara da su.