Ta sha kaye a zaɓe, bayan kwana goma ta zama minista: ina sirrin Smriti Irani?

Ku hango hotuna biyu. A ɗaya, wata baiwar Allah ce ke buɗe ƙofa tana murmushi a wasan talabijin. A ɗayan kuma, mai rantsuwar kama aiki ce a fadar shugaban ƙasar Indiya. Mace ɗaya ce, sunanta Smriti Irani. Tun da ta koma wasan talabijin a watan Yulin 2025 ake ta yaɗa tsofaffin hotunanta, kuma tambaya guda ce ke ta maimaituwa: yaya aka yi ta faɗi zaɓe a 2014 aka ba ta minista, amma da ta sake faɗuwa a 2024 sai ta tattara nata ya nata ta bar gwamnati? Wasu sun ce alfarma ce, wasu sun ce farin jinin fim ne. Ku biyo ni, amsar tana wani wuri daban.

Bari mu yi sauri da farkon labarin. A Delhi aka haife ta, a 1976. A 1998 ta shiga gasar sarauniyar kyau ta Indiya, ba ta ci ba. Ta ɗan taɓa tallar kaya da fitowa a bidiyon waƙa a Mumbai, kuma da bakinta ta sha faɗin cewa ta yi aikin goge-goge a wani shagon McDonald's kafin abubuwa su daidaita.

A shekarar 2000 ƙofa ta buɗe. Mai shirya wasannin talabijin Ekta Kapoor ta ba ta matsayin Tulsi a wasan Kyunki Saas Bhi Kabhi Bahu Thi na tashar Star Plus, labarin matar ɗa a babban gidan surukai. Shekara takwas ana nunawa, kashi fiye da 1,800. Ga ta tana kuka. Ga ta tana sasanta rigima. Ga ta kuma tana wani kukan. Masu kallon finafinan Indiya ba sa buƙatar in yi musu bayani.

A 2003 ta shiga jam'iyyar BJP. A 2004 ta yi takara a mazaɓar Chandni Chowk ta Delhi, Kapil Sibal ya kayar da ita. A 2014 aka tura ta Amethi, mazaɓar da gidan Gandhi suka daɗe suna riƙe da ita, ta kara da Rahul Gandhi, ya ba ta ratar ƙuri'a sama da 100,000. An bayyana sakamako ranar 16 ga Mayu. Ranar 26 ga wata ga ta tana rantsuwa a matsayin ministar da ke kula da ilimi, tana da shekara 38.

To, a nan za mu tsaya, don nan ne mutane ke ɓata.

Majalisar dokokin Indiya biyu ce. Akwai Lok Sabha, mai kujeru 543, wadda talakawa ke zaɓa kai tsaye. Ita ce ake yi wa yaƙin neman zaɓe da fosta da ganguna, kuma kujerarta ce Smriti ta nema ta rasa. Sai Rajya Sabha, majalisar jihohi, mai kujeru 245. Wannan babu ruwanta da layin masu jefa ƙuri'a. 'Yan majalisun jihohi ne ke zaɓen 233 daga cikinsu, shugaban ƙasa ya naɗa 12. Wa'adinsu shekara shida, kuma ba a rushe majalisar, duk bayan shekara biyu ake sabunta kashi ɗaya bisa uku. Saboda haka jam'iyyar da ta fi yawan 'yan majalisa a wata jiha ta riga ta san kujeru nawa za ta samu tun kafin a kaɗa ƙuri'a. Abin da ya rage kawai shi ne wa za ta ba.

A 2011 BJP ta ba Smriti irin wannan kujera daga jihar Gujarat. Kar ku ce ai 'yar Delhi ce, tun 2003 aka cire sharaɗin sai ɗan jiha. Kuma wa ke mulkin Gujarat a lokacin? Narendra Modi, wanda ya zama firaminista a 2014, mutumin da ita wannan Smritin ta fito fili a ƙarshen 2004 ta ce ya sauka daga mulki, kafin ta janye maganar. Siyasa ke nan.

Ma'ana, ranar da ta faɗi a Amethi, 'yar majalisa ce mai ci, da sauran shekara uku a wa'adinta. Tsarin mulkin Indiya kuwa, a sashe na 75, cewa ya yi dole minista ya kasance ɗan majalisa, kowacce daga cikin biyun. Idan aka naɗa wanda ba ɗan majalisa ba, yana da wata shida ya nemo kujera ko ya sauka.

Abin da ke rikita mu shi ne a Najeriya akasin haka ake yi. Sanata in aka ba shi minista sai ya ajiye kujerar majalisa, kamar yadda David Umahi ya yi a 2023. A Indiya kujerar ce tikitin shiga.

Ba ita kaɗai ba ce ma. A wannan zaɓen na 2014 Arun Jaitley ya faɗi a Amritsar, aka ba shi ministan kuɗi. Manmohan Singh ya yi shekara goma yana firaminista daga Rajya Sabha, yana wakiltar jihar Assam. A ganina, wanda ya ce tsarin yana ba jam'iyya damar shigo da wanda talakawa suka ƙi, yana da hujja. Amma a ce an taka doka don Tulsi, wannan ba gaskiya ba ne. An dai yi ta cece-kuce kan takardun karatunta, ganin ma'aikatar ilimi aka ba ta, wannan kuma magana ce ta daban.

Daga ilimi aka mayar da ita ma'aikatar masaƙu a 2016, ta kuma riƙe ta yaɗa labarai na ɗan lokaci. A 2019 ta koma Amethi, wannan karon ta kayar da Rahul Gandhi da ƙuri'a kusan 55,000. Ku ga murna. Sai dai doka ba ta yarda mutum ya zauna a majalisu biyu ba, don haka ta saki kujerar Gujarat, ta zama ministar mata da yara da ƙuri'ar talakawa.

A 2024 Kishori Lal Sharma na jam'iyyar Congress ya kayar da ita da ratar fiye da 160,000. Wannan karon babu wata kujera a ajiye. Da Modi ya kafa sabuwar majalisar ministoci a watan Yuni babu sunanta, kuma bayan shekara guda ta koma gaban kyamara a matsayin Tulsi, har yanzu tana cikin BJP.