Giwar Yankari da gonar talaka

Jama'a masu sauraro, abin da ya sa na ɗauko maganar dajin Yankari yau, wani bawan Allah ne na ji a majalisa yana cewa wai mutane na fama da tsadar masara mu kuma mun zauna muna kukan giwa. To malam, ai maganar masarar nake yi.

Dajin nan tun 1956 aka killace shi, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya koma hannun tarayya a 1991, a 2006 kuma jihar Bauchi ta karɓi abinta. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, ga ruwan ɗumi na Wikki, ga kogin Gaji da ɓauna da gwanki ke taruwa bakinsa da rani, kuma garken giwayen da ke ciki yana cikin 'yan kaɗan ɗin da suka rage mana a Najeriya.

Amma fa Yankari ba shi da katanga. Damina na ja da baya giwa za ta fito ta shiga gonakin ƙauyukan Alkaleri, a dare ɗaya ta tattake dawar da mutum ya yi wata huɗu yana wahala a kanta, wataƙila ma bashi ya ci ya sayi taki, gari ya waye yana tsaye yana salati babu wanda zai kai wa ƙara. Wannan mutumin ne gobe kake so ya ga mafarauci da bindiga ya ruga ya faɗa wa masu gadin daji? Haba! A biya manomi diyya.

Za a ce babu kuɗi. Kuɗin ƙofa da na ɗakunan kwana da baƙi ke biya fa? A ware wani kaso, a sa dagatai da malaman gona su ƙiyasta ɓarna, a biya kafin hatsi ya yi tsada. Na yarda za a samu masu ƙara gishiri a lissafi, wannan sai a sa ido, ba hujjar hana kowa ba ce. A Kenya manoma suna kewaye gona da amya saboda giwa na gudun ƙudan zuma, su tsare amfaninsu su kuma sayar da zuma, mu ma ga masu amya nan birjik a karkara.

Ni dai kafin kakar bana ta shigo ina so in ji an ce ga asusun diyya, ga sunan ofishin da manomin Duguri, da ke maƙwabtaka da dajin, zai je in giwa ta kwana a gonarsa.